Babi na Biyar: Ƙazantar da Ruwa Ba Ya Wankewa

A dokokin da ke cikin Littafin Firistoci da Littafin Ƙidaya, Ba'isra'ile yana iya wayar gari a ƙazantacce ba tare da ya yi wa kowa laifi ba. Macen da ta haihu takan jira kwana 40 idan namiji ta samu, kwana 80 idan mace ce, kafin ta kusanci wuri mai tsarki. Wanda ya taɓa gawa, ko da ta mahaifinsa ce, sai ya yi kwana 7 yana jiran tsarkakewa. Haka mai haila, haka mai ciwon fata. Duk cikinsu babu wanda ake tuhuma da aikata mugunta, domin haihuwa albarka ce, binne iyaye kuma wajibi ne. Maganin wannan ƙazanta ruwa ne da jira, wani lokaci a haɗa da hadaya. Maryamu, uwar Yesu, ita ma ta bi wannan doka: Luka ya ba da labarin zuwanta Haikali bayan haihuwa, da hadayar tsuntsaye biyu irin wadda aka yarda wa marasa hali.

Mai karatun da ya tashi a cikin Musulmi, ko shi kansa Musulmi ne, ba zai sha wuyar gane wannan ba. Janaba da haila suna hana salla sai an yi wanka, amma babu malamin da zai ce mai haila ta yi saɓo.

To, a cikin littattafan nan dai akwai wata ƙazanta ta daban. Sura ta 18 da ta 20 ta Littafin Firistoci sun lissafa kwana da matar maƙwabci, da kwana da 'yar'uwa ta jini, da miƙa 'ya'ya hadaya ga gunki. Littafin Ƙidaya ya ƙara da zubar da jinin marar laifi. Wannan ba a ɗaukarta ta hanyar taɓawa, ba a kuma yanka mata kwanakin jira. Mutum ne yake aikata ta da ganinsa da nufinsa, ta ɓata shi, ta ɓata ƙasar da yake takawa. Da Babila ta rushe Urushalima wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu, annabi Ezekiyel bai ɗora laifin a kan masu jego ko masu binne gawa ba. Jini da gumaka ya ambata.

Kiristanci ya gaji waɗannan ƙazanta biyu. Ya ajiye ta farko, ya riƙe ta biyu, ya kira ta zunubi. Tun daga lokacin, duk sa'ad da Ikilisiya ta bari suka sake cakuɗewa, sai a ga mai rauni yana ɗaukar kunya, mai ƙarfi kuwa ya fita fes.

Sarki a kan soro

Labarin da ya fi fito da bambancin nan fili shi ne na Dawuda da Bat-sheba, a sura ta 11 da ta 12 ta littafin Sama'ila na biyu. Rundunar Isra'ila tana can ta yi wa birnin Rabba ƙawanya, wato inda Amman, babban birnin Jodan, yake a yau. Sarki Dawuda yana gida. Daga kan soron fada ya hango wata mace tana wanka, ya aika aka bincika, aka gaya masa matar Uriya Bahitte ce, ɗaya daga cikin jarumawansa. Sanin hakan bai tsayar da shi ba. Ya aika aka kawo ta.

Marubucin ya saka wani ɗan bayani da masu karatu da yawa kan tsallake: matar tana tsarkake kanta ne bayan al'adarta. Ashe ita cika doka take yi. Shi kuwa sarki, wanda babu abin da zai hana shi shiga wurin sujada a ranar, shi ne ya ƙazantu. Da ciki ya bayyana, sai ya kira Uriya daga fagen fama don ya kwana a gida asiri ya rufu. Uriya ya ƙi jin daɗin gida alhali 'yan'uwansa suna kwana a fili. Dawuda ya ba shi wasiƙa ya kai wa Yowab, babban hafsa, a ciki kuwa hukuncin kisansa ne.

Da annabi Natan ya zo, bai tambayi abin da ya sa matar ta yi wanka inda za a gan ta ba. Labari ya bayar na wani attajiri mai garkuna, wanda baƙo ya sauka a gidansa, ya bar nasa ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta maƙwabcinsa matalauci ya yanka. Dawuda ya fusata ya yanke wa attajirin hukunci, sai Natan ya sanar da shi cewa kansa ya yanke wa. A bakin annabin, laifin sarki ƙwace ne, da rashin tausayi, da kisa, da raina maganar Allah. Sha'awa ce ta buɗe ƙofa, amma abin da ya shigo zalunci ne.

Zabura ta 51, wadda ake dangantawa da wannan tuba, tana roƙon wanki, amma mai roƙon ya san ba shi ne zai wanke kansa ba, ya kuma san yanka dabba ba zai isa ba. Sabuwar zuciya yake nema Allah ya halitta masa. Har yau ana karanta wannan zabura a ikilisiyoyin Katolika da na Angalikan a ranar Larabar Toka, farkon azumin kwana 40.

Abin da ke fitowa daga ciki

A sura ta 7 ta Bisharar Markus, Farisiyawa sun ga almajiran Yesu suna cin abinci ba su yi wankin hannu irin na al'ada ba, suka yi ƙorafi. Kada a raina mutanen nan. Burinsu shi ne tsarkin Haikali ya bi Bayahude har gindin akushinsa, kuma wannan buri ne na masu tsoron Allah. Amsar da Yesu ya ba su ita ce tushen koyarwar Kirista a kan wannan batu: abinci ciki yake shiga ya wuce, bai taɓa zuciya ba, abin da ke ɓata mutum daga zuciyarsa yake fitowa. Wanda mushe ya faɗa masa a rijiya, komai wankin guga, ruwan da zai ja mai wari ne.

Sai ya lissafa abubuwa 12 da mugun tunani ke haifarwa. Uku ne kawai a ciki suka shafi sha'awar jiki: fasikanci, da zina, da lalata. Sauran su ne sata, da kisa, da kwaɗayi, da mugunta, da yaudara, da hassada, da ɓata suna, da girman kai, da wauta. A wurinsa duk ƙazanta ce, jeri ɗaya. Misalin da ya kawo a wannan zama ma ba na zina ba ne. Na ɗan da yake cewa ya keɓe wa Allah dukiyarsa ne, don ya kauce wa ciyar da tsofaffin iyayensa.

Aikinsa ya bi maganarsa. Ya miƙa hannu ya taɓa kuturu. Wata mace da ta shekara 12 tana zubar jini ta kutsa cikin taro ta taɓa gefen rigarsa, bai tsawata mata ba, 'yarsa ma ya kira ta. Ya kama hannun gawar 'yar Yayirus, shugaban majami'a. A tsohuwar doka, ƙazanta ce ke tsallakawa daga mai ita zuwa mai tsabta. A labaran nan kuwa, lafiya da tsarki ne suke tsallakawa daga Yesu zuwa wanda ya taɓa.

Kada wani ya ɗauka sassauci ne wannan. Tsanantawa ce. A wa'azinsa na kan dutse, a sura ta 5 ta Matiyu, ya koyar cewa wanda ya zuba wa mace ido da nufin sha'awa ya riga ya yi zina a zuci, tun bai motsa daga inda yake zaune ba. A lura da wanda aka ɗora wa nauyin: mai kallo ne, kuma idonsa da hannunsa aka ce ya yi maganinsu, ba a ambaci tufar wadda aka kalla ba. Wankin hannu kowa zai iya, kowa kuma zai shaida an yi. Tsare zuciya babu mai gani sai Allah, shi ya sa ya fi wuya, shi ya sa kuma masu addini suka fi son komawa ga abin da ido ke gani.

Manzanni ma ba su gane wannan dare ɗaya ba. Sai da Bitrus ya ga wahayi sau uku a Yafa kafin ya yarda ya shiga gidan Karniliyas, hafsan sojan Roma a Kaisariya. Da shugabannin Ikilisiya suka taru a Urushalima wajen shekara ta 49 don su yanke abin da za a ɗora wa waɗanda ba Yahudawa ba, sun sauke musu kaciya, suka bar abubuwa huɗu: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman abin da aka maƙure, da fasikanci. Kaciya ta sauka, fasikanci bai sauka ba.

Koranti: inda koyarwar ta haɗu da kasuwa

Idan ana son ganin yadda wannan koyarwa ta yi aiki a cikin mutane masu jini a jika, sai a je Koranti, a ƙasar Girka. Romawa sun rushe birnin a shekara ta 146 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya sake kafa shi a shekara ta 44 kafin haihuwar. Yana zaune ne a kan wani siririn wuyan ƙasa tsakanin teku biyu, da tashar jiragen ruwa a kowane gefe. Fatake, da matuƙan jirgi, da bayi, da 'yantattun bayi masu neman suna, duk nan suke haɗuwa. Manzo Bulus ya isa wajen shekara ta 50, ya zauna wata 18, yana sana'ar ɗinkin tanti tare da Akila da matarsa, yana wa'azi. Daga baya, yana Afisa, labarin halin da ikilisiyar ta shiga ya iske shi, ya rubuta wasiƙar da muke kira Korantiyawa ta fari.

Sai an san al'adar Roma ta lokacin kafin a ji nauyin wasiƙar. Karuwanci halal ne a doka, gwamnati ma tana karɓar haraji a kansa. Ubangida yana da iko da jikin baiwarsa da bawansa, babu mai tuhumarsa. Dokar zina da Agustas Kaisar ya kafa wajen shekara ta 18 kafin haihuwar Almasihu tana kare gadon auren 'yantacciyar mace ne. Ma'aunin laifi a wurinsu shi ne matsayin macen: matar wane ce, 'yar wane ce. Wadda ba ta da kowa, ba ta da haƙƙi.

Matsala uku Bulus ya fuskanta. Ta farko, wani ɗan ikilisiya yana zaune da matar ubansa, abin da ko dokar Roma ta hana, jama'a kuma sun yi shiru suna alfahari da ruhaniyarsu. Ta biyu, wasu maza suna zuwa wurin karuwai, hujjarsu ita ce jiki abin banza ne mai shuɗewa, ruhu kaɗai Allah ya damu da shi. Ta uku kishiyar ta biyu ce: wasu ma'aurata sun ƙaurace wa juna, suna ganin kwanciyar aure ita ma ƙazanta ce.

Amsa ɗaya ya ba masu zuwa gidan karuwai da masu gudun gadon aure: jiki ba abin banza ba ne, ba kuma abin ƙyama ba ne. Allah ya ta da Yesu da jikinsa, haka zai ta da masu bi. Jikin mai bi gaɓa ce ta Almasihu, mazauni ne na Ruhu Mai Tsarki, an kuma fanshe shi da tsada, don haka ba mallakar mai shi ba ne ya yi yadda ya ga dama. Ga ma'aurata kuwa ya ce kada su hana juna. Ya faɗi abin da kunnen Baroma bai saba ji ba, cewa kamar yadda miji yake da haƙƙi a kan jikin matarsa, haka mata take da haƙƙi a kan jikin mijinta.

Daga nan ake ganin dalilan da suka sa Kirista ke kiran ƙazantar hali zunubi, bai tsaya ga kiranta abin kunya ba. Laifi ne ga Allah, domin an yi amfani da abin da yake nasa ta hanyar da bai yarda ba. Laifi ne ga ɗan'uwa: a wasiƙarsa ta fari ga Tasalonikawa, Bulus ya kira fasikanci cutar ɗan'uwa da zambatarsa. Laifi ne kuma ga mai yin, domin abin da mutum ya yi da jikinsa ba ya tsayawa a fata. Kunya tana jiran a gani kafin ta kama mutum. Zunubi yana nan ko an gani ko ba a gani ba.

Wani abu kuma da ake yawan mantawa: a wasiƙun Afisawa da Kolosiyawa, ƙazanta da kwaɗayi a jere suke, har aka kira kwaɗayi bautar gumaka. A wasiƙar Korantiyawa ma, waɗanda aka ce kada a ci abinci da su idan suna kiran kansu 'yan'uwa sun haɗa da mazambaci, da mai zage-zage, da mashayi, da mai haɗama. Tushensu ɗaya: mutum ya ga abin da ba nasa ba, ya mai da ɗan Adam abin biyan buƙata.

Game da mai zama da matar ubansa, Bulus ya ce a fitar da shi daga zumunci, ya kuma faɗi dalili: domin a ceci ransa. Mutumin da jama'ar da suka kau da kai daga laifinsa ne ya tsawata wa. Bai kuma ce su guji mutanen gari masu irin wannan hali ba, ya ce shari'ar na waje ta Allah ce. A wasiƙa ta biyu, da yake magana a kan wani da aka hora, sai ya ce horon ya isa haka, a yafe masa, a ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Malaman farko da yawa sun ɗauka mutumin nan ne dai.

Tsakanin tsanani da sassauci

Bayan manzanni, muhawarar ba ta mutu ba, kuma Afirka ce ta fi ɗaukar zafinta. A farkon ƙarni na 3, Tertuliyan na birnin Kartej, a Tunisiya ta yau, ya yi rubutu mai kaushi yana sukar wani bishop da ya ce zai karɓi tuban mazinata. A ganinsa Allah yana iya yafe musu, amma Ikilisiya ba ta da wannan iko. Ra'ayinsa bai yi nasara ba. Ikilisiya ta tsaya a kan cewa ƙofar tuba a buɗe take, ko da hanyar tana da tsawo.

Ta ɗaya gefen ma an ja burki. Dokar farko ta babban taron Nikiya a shekara ta 325 ta hana wanda ya dandaƙe kansa da gangan zama limamin Ikilisiya. Wani taro da aka yi a Gangara, a Turkiyya ta yau, cikin ƙarni na 4, ya la'anci masu ƙyamar aure da sunan tsarki.

A hamadar Masar, masu zuhudu sun duƙufa ga nazarin yadda zunubi ke shiga zuciya. Ebagriyus, wanda ya rasu a shekara ta 399, ya lissafa miyagun tunani 8, fasikanci ɗaya ne a ciki, tare da haɗama, da son kuɗi, da fushi, da girman kai. Ya koyar cewa zuwan tunani ba a hannun mutum yake ba, amma ba shi masauki a hannunsa yake. Wannan bambanci tsakanin jaraba da amincewa ya sauke wa masu lamiri mai rauni kaya mai nauyi. Daga wannan jeri ne Fafaroma Giregori, wanda ya yi mulki daga 590 zuwa 604, ya fitar da manyan zunubai 7, ya ce girman kai ne uwarsu.

Tsohuwar dokar jiki kuwa ta yi ta leƙowa. A ƙarni na 3, Diyonisiyus, bishop na Iskandariya, ya ga bai dace mai haila ta kusanci Jibin Ubangiji ba. Da masu bishara a Ingila suka aika wa Giregori irin wannan tambaya wajen shekara ta 601, amsar da tarihi ya adana da sunansa ita ce kada a hana ta, domin abin da halitta ta kawo ba laifi ba ne, ya kuma kafa hujja da macen da ta taɓa rigar Yesu. Har gobe Ikilisiyar Otodoks ta Habasha tana yi wa jariri namiji baftisma a kwana 40, mace a kwana 80. Kiristoci ba su zama baki ɗaya a kan al'adun nan ba, amma ko masu riƙe da su ba sa cewa mai jego ta yi zunubi.

Agustin da matan Roma

Babu wanda ya yi tasiri a wannan fage kamar Agustin. An haife shi a shekara ta 354 a Tagas, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau. Yana saurayi ɗalibi a Kartej ya ɗauki wata mace suka zauna ba aure fiye da shekara 10, suka haifi ɗa. Da ya samu matsayi a Milan, aka nema masa auren 'yar manya, sai aka sallami uwar ɗansa ta koma Afirka, shi kuwa ya ɗauki wata kafin amaryar ta isa aure. Shi da kansa ya rubuta wannan a littafinsa na furta zunubi, bai ɓoye ba. Ya tuba a 386, wani bishop mai suna Ambros ya yi masa baftisma a 387, ya zama bishop na Hippo, wato Annaba ta yau, har rasuwarsa a 430.

Abin da ya koya daga rayuwarsa shi ne mutum yana iya sanin daidai, ya so daidai, ya kasa yi, domin nufinsa ya rabu biyu, saboda haka tsarki kyautar alherin Allah ce kafin ya zama ƙoƙarin mutum. Ana sukarsa, da hujja, cewa ya zargi sha'awar jiki fiye da kima, har inuwar zargin ta faɗa kan gadon aure na tsawon ƙarnuka. Amma akwai wurin da ya tsaya daram a kan koyarwar Markus.

A shekara ta 410, mayaƙan wani sarki mai suna Alarik suka shiga birnin Roma suka washe shi kwana 3. An yi wa mata da yawa fyaɗe, har da waɗanda suka keɓe kansu ga Allah. Wasu sun kashe kansu don kunya, domin al'adar Roma tana yabon macen da ta zaɓi mutuwa bayan an keta mata haddi. A farkon babban littafinsa mai suna Birnin Allah, Agustin ya ɗauki wannan batu. Ya ce tsarki a cikin nufin zuciya yake zaune, don haka abin da wani ya yi wa jikin mace da ƙarfi, ba da yardarta ba, bai rage mata komai ba. Mutum biyu ne a wurin, amma mai zunubi ɗaya ne. Ya hana su kashe kansu, domin babu laifin da za su biya.

Wannan magana ta shekara 1,600 ba ta tsufa ba a ƙasarmu. A daren 14 ga Afrilu 2014, 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata 276 daga makarantar sakandare ta Chibok a jihar Borno, mafi yawansu 'ya'yan Kirista. Ban da su, an sace mata masu ɗimbin yawa, Musulmi da Kirista, a Arewa maso Gabas, ga kuma waɗanda 'yan bindiga ke ɗauka a Arewa maso Yamma. Da yawa daga cikin waɗanda suka kuɓuta sun dawo da ciki ko da goyo, suka tarar da wani sabon ɗauri a gida: nuni da baki, da gudun 'ya'yansu, da rasa mai aurensu. Duk Kiristan da ya kalli irin wannan mace a matsayin ƙazantacciya ya saɓa wa addininsa. A koyarwar da ya gada, ba ta da abin tuba a wannan al'amari. Wanda ya ɗauke ta ne ya ƙazantu, wanda ya ƙyamace ta kuma ya ɗauki nasa rabon.

A bencin baya

Ikilisiyoyi a yau suna bin hanyoyi daban-daban wajen magance wannan zunubi. Tun taron Lateran na 1215 aka wajabta wa ɗan Katolika furta zunubansa ga fada aƙalla sau ɗaya a shekara. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya sa fasikanci, da hotunan batsa, da karuwanci, da fyaɗe a cikin laifuffukan da ke karya kamun kai, ya kuma ce zunubi mai kisa yana da sharaɗi uku: abin ya zama babba, mai yi ya san babba ne, ya kuma yi da cikakkiyar yardarsa. Ikilisiyoyin bishara, waɗanda suka fi yawa a Arewacin Najeriya, sun fi dogara ga horo a gaban jama'a: dattawa su zauna, a dakatar da mai laifi daga Jibin Ubangiji, a sauke shi daga ƙungiyar mawaƙa ko wani muƙami, a wasu wurare ya koma bencin baya na wasu watanni.

Horo yana da tushe a Littafi Mai Tsarki, kuma jama'ar da ba ta iya ce wa ɗanta ya yi laifi ba ta ƙaunarsa. Tambayar ita ce wa ake horo, kuma don me. Ciki ba ya ɓoyuwa, shi ya sa yarinya ce ke tsayawa a gaban taro kanta a sunkuye, saurayin kuwa ya sulale zuwa wani gari. Idan mai cikin babba ne, malami ko mai kuɗi, sau da yawa sai a rufe maganar a ce ana kare sunan Ikilisiya. Mai danne albashin ma'aikatansa, da mai cin kuɗin baiko, da mai yawo da sunan mutane, suna zaune a sahun gaba, alhali suna cikin jerin nan na Markus. Ga kuma wayar hannu, wadda ta kawo batsa har ƙarƙashin matashin kai, inda babu dattijon da zai gani. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Ikilisiyar da ke hukunta abin da ido ya gani kawai ta koma auna jiki, ta bar zuciya. Ma'aunin da Natan, da Yesu, da Bulus suka bari ya fi wannan tsanani, ya kuma fi shi adalci. Yana bin nufi da aiki, don haka ba ya kama wadda aka zalunta. Yana hawa kan sarki kamar yadda yake hawa kan talaka. Yana lissafa kwaɗayi da yaudara tare da zina. Kuma idan ya kama mutum, manufarsa a komo da shi ne. Bulus ya tuna wa Korantiyawa cewa wasunsu dā mazinata ne, da ɓarayi, da mashaya, amma an tsarkake su, ga su a cikin jama'ar Allah. Kirista yana kiran ƙazantar hali zunubi ne domin zunubi abu ne da ake tuba daga gare shi a kuma gafarta. Yadda wannan tuba take, da haƙƙin da ke kan mai tuba ga wanda ya cuta, shi ne abin da babi na gaba zai duba.